Tallafin tsaro na gwamnatin tarayyar Amurka: yadda yake kaiwa ga 'yan sanda, 'yan kwana-kwana da masallatai, da sharuɗɗan da ke biye da shi



A kowace shekara gwamnatin tarayyar Amurka tana ware kuɗin da ya haura dala biliyan ɗaya, ta raba wa jihohi da birane domin 'yan sandansu da 'yan kwana-kwanansu su zauna cikin shiri kafin wata musiba ta auku. Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da kasafin kuɗin Amurka. Da ruwanmu kuwa. 'Ya'yanmu da ƙannenmu suna zaune a unguwannin Bronx da Harlem na birnin New York, ga kuma 'yan Nijar masu yawa a garin Greensboro. Waɗannan 'yan sanda su ne ke sintiri a ƙofar masallatansu, waɗannan 'yan kwana-kwana su ake kira idan bene ya kama da wuta. Su kansu masallatan suna da damar neman wani kaso na kuɗin, kuma an daɗe ana muhawara a tsakanin Musulmin can a kan a karɓa ko a ƙi. Ba za a fahimci muhawarar ba sai an san daga ina kuɗin ya fito, da abin da mai bayarwa yake so a madadinsa.

Me ya sa tarayya take biyan ma'aikatan da ba nata ba?

Mu nan mun saba da tsari guda. A Nijar ɗan sanda na ƙasa ne, jandarma na ƙasa ne, ɗan kwana-kwana ma soja ne. A Gana, da Kamaru, da Najeriya, umarni daga babban birni yake saukowa. A Amurka lamarin ba haka yake ba. Akwai hukumomin 'yan sanda kimanin 18,000, kowace da shugabanta. Na birni yana ƙarƙashin magajin gari, na gunduma kuwa, wanda suke kira sherif, galibi jama'a ne ke zaɓensa da ƙuri'a. Kusan rabin rundunonin 'yan sandan garuruwa ba su kai mutum goma ba. Hukumomin kashe gobara sun haura 29,000, kuma kusan kashi 65 cikin 100 na masu kashe gobarar 'yan sa-kai ne: manoma, makanikai, malaman makaranta, waɗanda ke barin aikinsu su ruga idan an buga ƙararrawa. Albashi da motoci daga harajin garin suke fitowa, musamman harajin gidaje da filaye. Garin masu hali yana da sabuwar mota, garin talakawa yana lallaɓa tsohuwa.

Shugaban ƙasa ba shi da ikon ba wa waɗannan umarni. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1997, a shari'ar da wani sherif na jihar Montana mai suna Jay Printz ya shigar, lokacin da dokar tarayya ta ɗora masa binciken masu sayen bindiga. Kotu ta ce tarayya ba za ta mayar da jami'an jiha 'yan aikenta ba. Sai dai shekara goma kafin nan, a 1987, kotun ta riga ta buɗe wata ƙofa. Tarayya ta ce duk jihar da ba ta ɗaga shekarun sayen giya zuwa 21 ba, za a rage mata kashi 5 cikin 100 na kuɗin gina hanyoyi. Jihar Dakota ta Kudu ta kai ƙara, kotu ta ce sharaɗin ya halatta. Idan aka haɗa hukuncin biyu, ma'anarsu ita ce Washington ba za ta ce wa magajin gari yi kaza ba, amma za ta iya cewa ga kuɗi idan ka yi kaza. Bahaushe ya riga ya faɗa: wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan ginshiƙi ya tsaya.

Harin 11 ga Satumba 2001 shi ya mayar da ƙaramin tallafi ya zama babban shiri. A ranar, 'yan kwana-kwanan New York 343 suka mutu, da 'yan sandan birni 23, da na hukumar tashoshin jiragen ruwa 37. Binciken da aka yi daga baya ya nuna wani abu mai ɗaci. 'Yan sandan da ke cikin jirgi mai saukar ungulu sun hango bene na biyu yana shirin rushewa, suka sanar ta oba-oba, jami'ansu da yawa suka fito. 'Yan kwana-kwanan da ke cikin benen ba su ji wannan gargaɗi ba, domin na'urarsu ba ta haɗuwa da ta 'yan sanda, kuma shugabannin ɓangarorin biyu ba a wuri ɗaya suke ba da umarni ba. Birni ɗaya, musiba ɗaya, amma kowa na magana da nasa.

Sai aka haɗe hukumomi 22 aka kafa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida, ta fara aiki a watan Maris 2003. Hukumar agajin gaggawa ta FEMA, wadda aka kafa tun 1979, ta koma ƙarƙashinta, kuma yau ita ce ke raba tallafin. Babban asusun kashi uku ne. Akwai na jihohi, wanda kowace jiha ke samu. Akwai na manyan biranen da ake ganin sun fi fuskantar haɗari, wanda ake kira UASI. Akwai na gundumomin bakin iyaka mai suna Stonegarden, da ake biyan 'yan sandan yankin kuɗin ƙarin lokaci domin su taimaka wa masu gadin iyaka. A kasafin 2023, na jihohi ya samu dala miliyan 415, na birane miliyan 615, na iyaka miliyan 90. Kuɗin ba ya tafiya kai tsaye ga caji ofis. Yana sauka a hannun wata hukuma da gwamna ya naɗa, doka kuma ta tilasta mata miƙa aƙalla kashi 80 cikin 100 ga ƙananan hukumomi cikin kwana 45. Dokar ta kuma keɓe aƙalla kashi 25 cikin 100 ga aikin 'yan sanda na hana ta'addanci, daga baya ma'aikatar ta ɗaga wannan kaso. A riƙe wannan kaso a zuciya, za mu dawo kansa.

Rigimar rabo

Tun ranar farko aka fara faɗa a kan wa zai samu nawa. Dokar Patriot ta 2001 ta ba kowace jiha aƙalla kashi 0.75 cikin 100, komai ƙanƙantarta. Jihohi hamsin, ka ga kusan kashi 40 cikin 100 ya tafi kafin a tambayi inda haɗarin yake. Sakamakon shi ne Wyoming, mai mutum wajen rabin miliyan, ta samu ninkin abin da Kaliforniya ko New York suka samu idan aka raba bisa kan kowane mutum. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A majalisar dattawa kowace jiha sanata biyu gare ta, babba ce ko ƙarama, kuma babu sanatan da zai koma gida hannu rabbana. Kwamitin da ya binciki harin Satumba ya ba da shawara a 2004 cewa a raba bisa haɗari kawai. Sai a 2007 majalisa ta rage kason zuwa 0.375, ya ci gaba da sauka har 0.35.

Asusun birane ma bai tsira ba. An fara shi a 2003 da birane bakwai: New York, Washington, Los Angeles, Chicago, San Francisco, Seattle da Houston. A 2010 sun kai 64, domin kowane ɗan majalisa yana son a saka nasa. A 2011 aka zaftare su zuwa 31. Abin da mutanen New York ba su manta ba shi ne na 2006, lokacin da aka rage musu kashi 40 cikin 100, daga kimanin dala miliyan 207 zuwa 124, aka ƙara wa garuruwa irin su Omaha da Louisville. Takardar lissafin ma'aikatar ta nuna wai birnin ba shi da ko gini ɗaya mai matsayin alamar ƙasa, birnin da ke da gadar Brooklyn da dogon benen Empire State. Jaridu suka yi ta ba'a. Abin lura ga ɗalibi a nan shi ne, kalmar haɗari da ake ta maimaitawa lissafi ne da mutane ke yi a ofis, kuma duk wanda ya riƙe alƙalamin lissafin shi ke zaɓa wa ƙasa abin da za ta ji tsoro.

Abin da kuɗin ya saya

A watan Disamba 2012, Sanata Tom Coburn na Oklahoma ya fitar da rahoto a kan dala biliyan 7 da aka kashe a asusun birane. Misalin da ya fi yawo shi ne na Keene, wani gari mai mutum kimanin 23,000 a jihar New Hampshire, wanda ya sayi mota mai sulke ta kusan dala 286,000. A takardar neman kuɗin, cikin abubuwan da aka ce ana tsoron a kai wa hari har da bikin kabewa da garin ke yi duk shekara. A Michigan an sayi injinan niƙa ƙanƙara 13. Wanda ya san yadda ake kashe kuɗin aikin gwamnati a ƙasashenmu ba zai yi mamaki ba. Idan kuɗi ya zo da wa'adi, kuma ba daga aljihun garin ya fito ba, sai a nemo abin saye kafin wa'adin ya cika.

A watan Agusta 2014 duniya ta ga inda wannan hanya ke kaiwa. Bayan ɗan sanda ya harbe wani matashi baƙar fata, Michael Brown, a garin Ferguson, masu zanga-zanga suka tarar da motoci masu sulke da jami'ai cikin kayan yaƙi a kan titi. Kayan irin waɗannan ta hanyoyi da dama suke shigowa, wasu daga wannan tallafi, wasu daga rarar kayan sojoji. Obama ya taƙaita su a 2015, Trump ya ɗage takunkumin a 2017, Biden ya maido da wani sashe a 2022. Kowane shugaba da nasa sharaɗin.

Amma zalunci ne a ce duk asara aka yi. Ranar 15 ga Afrilu 2013 bama-bamai biyu suka tashi a wurin ƙare gasar gudun dogon zango ta Boston. Mutum uku suka mutu nan take, sama da 260 suka ji rauni, wasu ƙafafunsu sun guntule. Duk wanda aka kai asibiti da rai ya rayu. Likitoci da jami'an birnin sun danganta wannan, bayan ikon Allah, da shirin da aka yi tun da wuri. A 2011 da 2012 an gudanar da manyan atisaye da kuɗin UASI, inda 'yan sanda, da 'yan kwana-kwana, da masu motar asibiti, da asibitocin kansu suka gwada aiki tare. A ranar, an san wanda ke ba da umarni, an rarraba masu rauni a asibitoci daban-daban don kada a cika guda, an kuma ɗaure wa masu zubar da jini ƙafafu tun a kan titi.

Wannan tsari na shugabanci guda a wurin musiba ba 'yan sanda suka ƙirƙiro shi ba. Masu kashe gobarar dajin Kaliforniya ne suka tsara shi bayan mummunar gobarar 1970. Daga 2004 tarayya ta mayar da shi tsarin ƙasa, ta kuma sa shi cikin sharuɗɗan samun tallafi. A ganinmu wannan sharaɗi ya fi duk motocin da aka saya amfani, kuma shi ne mafi arha. Hujjar tana Uvalde ta jihar Texas. Ranar 24 ga Mayu 2022 wani ɗan bindiga ya shiga makarantar firamare. Jami'ai 376 suka taru, na gari, na jiha, na tarayya, da bindigogi da garkuwa da rigunan sulke. Aka yi minti 77 kafin a shiga ajin. Yara 19 da malamai biyu suka rasu. Binciken majalisar jihar da na Ma'aikatar Shari'a duk sun tsaya a kan abu guda: babu wanda ya karɓi ragamar umarni, kowa na jiran wani.

Inda abin ya taɓa Musulmi

Yanzu mu koma ga kason nan na hana ta'addanci. Wani ɓangarensa ya tafi ga cibiyoyin tattara bayanan sirri, kimanin 80 a faɗin ƙasar, inda 'yan sandan gari ke musayar rahoto da jami'an tarayya. A watan Oktoba 2012 wani kwamitin majalisar dattawa, mai 'yan jam'iyyun biyu, ya binciki cibiyoyin. Ya ce yawancin rahotanninsu ba su da amfani, wasu sun shiga hurumin mutanen da ba su yi laifin komai ba, har da Musulmi da ke harkokinsu na addini. Ma'aikatar ta kasa faɗin takamaiman abin da ta kashe a kansu, sai ta ba da ƙiyasi tsakanin dala miliyan 289 da biliyan 1.4.

A New York lamarin ya fi muni. A 2011 kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo cewa 'yan sandan birnin suna da wani sashe na musamman da ke zana taswirar unguwannin Musulmi: masallatai, gidajen abinci, shagunan aski, ƙungiyoyin ɗalibai, har a maƙwabciyar jiha New Jersey. Ana tura 'yan rahoto su zauna a sahu su rubuta abin da liman ya faɗa a huɗuba. AP ta kuma gano cewa wasu motoci da kwamfutocin aikin da kuɗin tarayya aka saye su, daga wani asusu dabam na yaƙi da miyagun ƙwayoyi. A 2012 wani babban jami'in rundunar ya amsa a ƙarƙashin rantsuwa cewa sashen bai taɓa samar da ko bakin zare ɗaya na binciken ta'addanci ba. An rushe shi a 2014, birnin kuma ya sasanta ƙararrakin da Musulmi suka shigar. Amma ɓarnar da aka yi a zukata ba ta gyaru da sa hannu a takarda ba. Mutum ya shiga masallaci yana kallon na kusa da shi da zargi, liman yana auna kowace kalma, saurayi ya daina zuwa karatu. Wanda ya san darajar jam'i ya san girman wannan asara.

Shi ya sa da aka ware dala miliyan 10 a 2016 don abin da aka kira daƙile tsattsauran ra'ayi, Musulmi suka rabu biyu. A farkon 2017 wata ƙungiyar matasan Somaliyawa a Minnesota mai suna Ka Joog ta ƙi karɓar kusan dala 500,000 da aka riga aka amince mata, makarantar Bayan da ke Kaliforniya ta ƙi dala 800,000. Sun ga cewa amanar jama'arsu ta fi kuɗin tsada.

A ɗaya gefen kuma, masallatai na cikin haɗari na gaske. An ƙone masallacin Victoria a Texas ƙurmus a watan Janairu 2017. Ranar 5 ga Agusta na shekarar aka jefa bam ta taga a cibiyar Darul Faruƙ da ke Bloomington a Minnesota, mutane na shirin sallar asuba. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, jagoran maharan kuma ya samu ɗaurin shekara 53. Domin irin wannan akwai asusu na musamman na wuraren ibada da ƙungiyoyin sa-kai, wanda aka fara a 2005. Ƙungiyoyin Yahudawan Amurka ne suka yi fafutukar kafa shi, kuma a shekarun farko su suka fi cin moriyarsa. Babu abin zargi a nan, sun shirya ne: suna da ofisoshin da ke taimaka wa kowane wurin ibadarsu cike takardu. Bayan kisan mutum 11 a wurin ibadar Yahudawa na Pittsburgh a 2018, da kisan masallata 51 a Christchurch ta New Zealand a 2019, asusun ya yi ta ƙaruwa: dala miliyan 90 a 2020, miliyan 180 a 2021, miliyan 250 a 2022, miliyan 305 a 2023. Duk da haka, a 2023 waɗanda suka samu ba su kai rabin masu nema ba.

Daga 2021 zuwa 2023, wuri ɗaya yana iya samun har dala 150,000, wato sefa miliyan 90 idan aka lissafa dala a kan 600. Ana sayen kyamarorin tsaro, ƙofofi masu ƙarfi, shinge, fitilu, turakun da ke hana mota kutsawa cikin masallata, a biya masu gadi, a horar da jama'a. Ba a sayen makami. Wahalar tana wurin nema. Sai masallaci ya kasance cikin rukunin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, ya samu lambar rajista ta tarayya, ya sa an duba masa inda gininsa ke da rauni, ya rubuta bayanin barazanar da yake fuskanta, ya miƙa ta hannun hukumar jiha, sau da yawa cikin 'yan makonni. Idan an amince, ba a fara aiki sai an sake tantance ginin. Sannan a mafi yawan jihohi kai za ka fara kashe naka, ka kai rasit, a biya ka daga baya. Ka ɗauki masallacin 'yan uwanmu da ke hayar ƙasan wani bene, kwamitinsa direbobin tasi ne da masu aikin dare, asusunsa abin da aka tara ranar Juma'a. Ina za su samo dala dubu hamsin su kashe su jira? Da haka ne wanda ya fi buƙata yake zama na ƙarshe a layi.

Ta fuskar shari'a, asalin karɓar taimako daga wanda ba Musulmi ba halal ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi kyautar Muƙauƙis mai mulkin Masar, ya kuma ari sulkuna daga Safwan ɗan Umayya gab da yaƙin Hunaini, alhali Safwan bai musulunta ba tukuna. Balle wannan kuɗi, haraji ne da Musulmin Amurka ke cikin masu biyansa. Abin da malamai ke dubawa shi ne sharaɗi: shin zai ba wani iko a kan masallaci, ko ya jawo cutarwa ga masallata? Kuma sharaɗin yana sauyawa. A 2025 Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta saka a cikin ƙa'idojin tallafinta cewa masu karɓa su ba jami'an shige da fice haɗin kai. Jihohi kimanin 20 suka kai ƙara, wani alƙalin tarayya a Rhode Island ya yanke a watan Satumba cewa sharaɗin ya saɓa doka. A daidai lokacin aka zaftare wa jihar New York dala miliyan 187, aka maido bayan 'yan kwanaki da hayaniya ta yi yawa. Ga masallacin da a sahunsa akwai mai takarda da marar takarda, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ra'ayinmu shi ne kada kwamiti ya sa hannu sai lauya ya karanta masa ƙa'idojin shekarar da ake ciki, ba na bara ba, an kuma faɗa wa jama'a a fili wa ke riƙe da hotunan kyamara, kwana nawa ake ajiye su, da wanda za a iya miƙa wa.

Wutar da ta fi kusa

'Yan kwana-kwana suna da nasu asusun, kuma ya riga harin Satumba. Majalisa ta kafa shi a 2000, aka fara da dala miliyan 100 a 2001. Shi kai tsaye hukumar kashe gobara ke nema, masu kashe gobara 'yan uwansu ne kuma ke tantance takardun. Ana sayen mota, rigar wuta, tukunyar iskar shaƙa. Garin da bai wuce mutum 20,000 ba yana sa kashi 5 cikin 100 daga aljihunsa, matsakaici kashi 10, wanda ya haura miliyan ɗaya kashi 15. Akwai asusu na biyu mai suna SAFER, na ɗaukar ma'aikata da riƙe 'yan sa-kai, wanda matsalarsa ita ce bayan 'yan shekaru albashin yana komawa wuyan garin. A 2023 kowannensu ya samu dala miliyan 360. Daga asusun farko, kashi 10 cikin 100 ake keɓewa don rigakafi: wayar da kai, da saka wa gidaje na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi. Wato dala miliyan 36 ga ƙasa baki ɗaya, a shekarar da asusun ta'addanci ya samu sama da biliyan ɗaya. Gobara kuwa ta kashe mutum 3,500 zuwa 3,800 a Amurka duk shekara daga 2020 zuwa 2023, mafi yawansu a cikin gidajensu.

Mutanen Afirka ta Yamma da ke Bronx sun ɗanɗana wannan sau biyu. A watan Maris 2007 gobara ta tashi da dare a wani gida a unguwar Highbridge, daga wayar na'urar ɗumama ɗaki. Mutum goma 'yan asalin Mali suka rasu, tara daga cikinsu yara. Akwai na'urorin jin hayaƙi a gidan, babu batir a ciki. Ranar Lahadi 9 ga Janairu 2022 kuma, a wani bene mai hawa 19 da ake kira Twin Parks, na'urar ɗumama ɗaki ta sake kamawa. 'Yan kwana-kwana sun iso cikin 'yan mintoci, wajen mutum 200, wutar ma ba ta yi nisa da gidan da ta tashi ba. Amma ƙofar gidan, wadda doka ta ce ta riƙa rufe kanta, ba ta rufu ba bayan masu gidan sun gudu, wata ƙofar matakala a hawa na 15 ita ma tana buɗe. Matakalar ta zama bututun hayaƙi. Mazauna benen sun ce ƙararrawar ta saba kaɗawa ba dalili, don haka wasu ba su motsa da wuri ba. Mutum 17 suka rasu, takwas yara, dukkansu hayaƙi ne ya kashe su, mafi yawansu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Bayan mako guda aka yi wa 15 daga cikinsu sallah a lokaci ɗaya a Cibiyar Musulunci ta Bronx.

Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka ba Manzon Allah labari sai ya yi umarni a riƙa kashe wuta kafin a kwanta. Malamanmu da ke wa'azi a masallatan Bronx da Harlem da Greensboro suna da hurumin tunatar da wannan idan sanyi ya shigo, su haɗa da batir ɗin na'urar hayaƙi, da ƙofar da ba ta rufuwa, da hita da ake bari a kunne har safe. Hukumar kashe gobara ta New York da ƙungiyar Red Cross suna saka wa gidaje na'urar kyauta ga wanda ya nema, kuma kwamitin masallaci na iya gayyatar su su zo su yi wa jama'a bayani bayan sallar Juma'a, wani ya fassara da Hausa ko Zabarmanci.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya tsare 'yan uwanmu a duk inda suke.